Mutu-ka-raba: rigimar da ta biyo bayan mutuwar mijin Bridget Jones

Ranar Lahadi, 29 ga Satumba, 2013, mujallar jaridar Sunday Times ta Landan ta buga wasu shafuka daga wani littafi da bai riga ya shiga kasuwa ba. Kafin rana ta faɗi, labarin rasuwa ya karaɗe Birtaniya. Mamacin lauya ne mai kare haƙƙin ɗan Adam, mutum mai kamun kai da ƙarancin magana, sunansa Mark Darcy. Ba a yi masa jana'iza ba, ba a yi zaman makoki ba, don ko haihuwarsa ba a taɓa yi ba. A takarda aka ƙaga shi, a takarda aka kashe shi. Amma ɓacin ran da ya cika Twitter a ranar na gaske ne. Marubuciyar, Helen Fielding, ta ba da labari daga baya cewa ta kunna talabijin ta tarar ana rahoton yaƙin Siriya, ana gamawa sai ga sanarwar mutuwar mutumin da ita da hannunta ta ƙirƙira.

Littafin shi ne Bridget Jones: Mad About the Boy, na uku a jerin littattafan barkwanci da soyayya da suka yi tashe a Turai da Amurka. Ya fito ranar 10 ga Oktoba, ya sayar da kwafi sama da 46,000 a ranar farko a Birtaniya. Ke nan masu fushin ma sun saya. Har wani abin dariya ya faru a maɗaba'a: wasu kwafin farko sun fito da shafuka kusan 40 na tarihin rayuwar ɗan wasan kwaikwayo David Jason a tsakiyarsu, sai da kamfanin ɗab'in ya ba da haƙuri. Masu tsokana suka ce irin wannan kwamacala ai sai littafin Bridget.

Don gane dalilin kukan, sai an koma 1995. A watan Fabrairun shekarar jaridar The Independent ta fara buga wani shafi na mako-mako ba tare da sunan marubuci ba. An nemi Fielding, 'yar Yorkshire da aka haifa a 1958, ta riƙa rubuta labarin rayuwarta ta mace marar aure a Landan. Kunya ta hana ta, sai ta ce za ta ƙago wata ta ɗora mata. Haka aka samu Bridget Jones, mace mai shekara talatin da 'yan kai, mai rubuta abin da ya faru da ita kullum a littafin sirri. Kowace rana tana buɗewa da lissafi: nauyin jikinta, kofin giya nawa ta sha, karan sigari nawa ta zuƙa, abinci nawa ta ci bayan ta rantse ba za ta ci ba. A 1996 shafin ya zama littafi, Bridget Jones's Diary, a 1999 na biyu ya biyo baya, The Edge of Reason. An sayar da miliyoyin kwafi, an fassara su zuwa harsuna da dama, an kuma yi fina-finansu a 2001 da 2004.

Maza biyu ne a rayuwarta. Daniel Cleaver, shugabanta a wurin aiki, mai daɗin baki da yaudara. Sai Mark Darcy, wanda a farkon haɗuwarsu ta ɗauka girman kai ne ke damunsa, daga baya ta gane mutumin kirki ne da bai iya tallar kansa ba. Fielding ba ta ɓoye inda ta samo shi ba. Daga littafin Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, ta aro sunan da halin. A shekarar da shafin ya fara, BBC ta nuna wasan kwaikwayon littafin Austen, inda Colin Firth ya fito a matsayin Mista Darcy, matan Ingila suka yi ta begensa. Da aka zo yin fim ɗin Bridget, sai aka ɗauko Firth ɗin nan dai aka ba shi Mark Darcy. Saboda haka mutumin da aka kashe a 2013 ba mutum ɗaya ba ne. Uku ne a cure: gwarzon Austen mai shekara 200 cif a lokacin, da lauyan Fielding, da fuskar ɗan fim da mata suka shekara 18 suna kallo. Fielding ta ce sai da ta kira Firth a waya ta sanar da shi, ta fara tambayarsa ko a zaune yake, kamar yadda ake yi wa wanda za a gaya wa rasuwa.

A sabon littafin Bridget tana da shekara 51, da 'ya'ya ƙanana biyu, Billy da Mabel. Shekara biyar ke nan da mutuwar mijinta. Lissafin kan shafi yana nan, sai dai yanzu an ƙara adadin masu bin ta a Twitter da adadin kwarkwatar da ta tsefe daga kan yara. Tana soyayya da wani matashi, Roxster, wanda bikin cikarsa shekara 30 ya faɗo rana ɗaya da bikin cikar ƙawarta shekara 60. Tana kuma rubuta labarin fim daga wani tsohon wasan kwaikwayo, Hedda Gabler, alhali ta daɗe tana zaton Chekhov ne ya rubuta shi, ba Ibsen ba.

Kalmar da ta fi fitowa daga bakin masu fushi ita ce cin amana. Abin tambaya, wace amana? Fielding ba ta taɓa sa hannu a takarda cewa Darcy zai tsufa ba. Duk da haka ba za a ce masu karatun sun yi ƙarya ba, domin akwai alkawarin da ba a furtawa, wanda nau'in littafi ke ɗauka a madadin marubuci. Launin bango, zanen da ke kansa, kantar da aka jera shi a shago, duk magana suke yi. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta ma rubuta sharuɗɗan a fili: dole soyayya ta zama ƙashin bayan labari, dole kuma a ƙare da abin da zai sanyaya zuciya ya bar fata mai kyau. Mace ta dawo daga aiki a gajiye, ta biya kuɗinta ta sayi littafin da ta san ba zai ƙara mata damuwa ba. In ta buɗe ta tarar da gawa, tana da hujjar cewa ba abin da ta saya ba ke nan.

Sharaɗin ya girmi ƙungiyar nesa ba kusa ba. A tsohon adabin Turawa an raba wasan kwaikwayo gida biyu: wanda ke ƙarewa da mutuwa, da wanda ke ƙarewa da daidaituwar al'amura, galibi da aure. Sunan da ake kiran na biyun, wanda yau ake fahimta da ma'anar ban dariya, asalinsa ba dariya kaɗai yake nufi ba. Dante, mawaƙin Italiya na ƙarni na 14, ya sa wa doguwar waƙarsa ta tafiya daga wuta zuwa aljanna wannan suna, ba don tana da ban dariya ba, sai don ta fara da tsanani ta ƙare da sauƙi. Wasannin Shakespeare na raha kusan duk da ɗaurin aure ko shirinsa suke rufewa. Austen ma haka: littattafanta shida, duka da aure suka ƙare, ba kuma wanda ta rubuta wa ci gaba. A wannan tsarin aure ƙofa ce da ake rufewa a fuskar mai karatu. Abin da ke bayanta ba ruwansa.

Tatsuniyoyin Turawa suna da jimlar rufewa da kowane yaro ya haddace, mai cewa ango da amarya sun zauna cikin farin ciki daga nan har abada. Nan gizo ke saƙar. Jimlar ba bayani ba ce a kan tsawon rai. Alama ce kawai ta cewa mai ba da labari ya yi shiru, aikinta ɗaya da ƙurunƙus a bakin mai tatsuniyar Hausa. Amma wanda ya ji ta sau dubu tun yana ƙarami sai ya fara ɗaukarta da ma'anarta ta zahiri. Abin mamaki, alkawarin da Turawan suke yi da bakinsu a coci ranar aure bai yi wannan alfaharin ba. Tun littafin addu'o'in cocin Ingila na ƙarni na 16, lafazin ya ambaci mutuwa a matsayin iyakar zaman. Bahaushe ma da ya tashi yi wa ma'aurata fata mafi girma, mutu-ka-raba ya ce. Ya sa mutuwar a cikin addu'ar, ya yarda tun farko cewa auren da ya fi kowane nasara da jana'izar ɗaya zai ƙare. In aka auna da wannan ma'auni, Fielding ba ta rushe auren Bridget ba. Ta ba shi irin ƙarshen da ake roƙa wa kowane aure, sai dai ta kawo shi da wuri.

Ita kanta ta kare kanta da hujja mai kama da haka. Tana son rubuta labarin mace mai renon yara ita kaɗai a tsakiyar rayuwa, kuma hanyoyin raba Bridget da mijinta ba su da yawa. Ko ya sake ta, ko ya ci amanarta, ko ya mutu. A cewarta, mutum irin Mark ba zai taɓa tafiya ya bar matarsa da 'ya'ya da ƙafarsa ba. Wanda ya yi tunani zai ga kisan ma girmamawa ce. Da an wayi gari an ce Darcy ya bi wata yarinyar ofis, da littattafai biyu na farko sun tashi a banza, don duk abin da aka gina a kan amincinsa ya zama ƙarya. Mutuwa ta bar shi da mutuncinsa.

Akwai kuma dalili na sana'a, wanda masu karatu ba su cika son ji ba. Dariyar Bridget daga rashi take fitowa: tazarar da ke tsakanin matar da take son zama da matar da take. A littafin farko ta yayata wata kalma, singleton, don maye gurbin tsohuwar kalmar Ingilishi mai cizo da ake jifan macen da ta daɗe ba aure, irin cizon da tuzuruwa ke da shi a Hausa. Ta kuma laƙaba wa ma'auratan da ke tsare ta a wurin cin abinci suna tambayar yaushe za a sha biki wani suna na ba'a, mai nuna masu jin sun gama dacewa. Mata da yawa sun so ta ne don tana gefensu a wannan faɗan. To, in Bridget ta yi aure ta zauna lafiya a babban gida da miji mai kuɗi, ta koma cikin waɗanda take yi wa dariya. Me za ta rubuta a littafin sirrin? Mai kwanciyar hankali bai cika lissafin karan sigari da tsakar dare ba. Ba banza ba ko ɗaurin auren ba a nuna a littattafan ba. An yi auren, an haifi yaran, an yi mutuwar, duk a cikin shekara 14 da ke tsakanin littafi na biyu da na uku. Wannan ne ma ya fi ƙona ran wasu: sun jira biki, aka kawo musu takaba, ba su ga ko rana ɗaya ta zaman auren ba.

Mai karatun Hausa zai iya jin wannan rigima baƙuwa ta wani gefen. Littattafan soyayya na Kano da suka bunƙasa tun shekarun 1980 ba su ɗauki ɗaurin aure a matsayin bangon ƙarshe ba. Sau da yawa a nan labarin ke ɗaukar zafi: kishiya, uwar miji, saki, zawarci, komawa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, a cikin gidan aure ya fara, ba a ƙofarsa ba. Ta ɗaya gefen kuwa rigimar ta gida ce. Duk wanda ya taɓa jiran littafi na uku bayan ya cinye na ɗaya da na biyu, ko ya ga yadda masu karatu ke yi wa marubuciya ca a zauren WhatsApp don ta aurar da jaruma ga wanda ba shi suke so ba, ya san yadda jira ke mayar da mai karatu mai jin yana da hannun jari a labari.

Wannan ji na mallaka tsoho ne. Lokacin da Samuel Richardson ke fitar da Clarissa kashi-kashi a 1747 da 1748, masu karatu sun yi ta aika masa wasiƙu suna roƙon kada ya kashe jarumar. Ya kashe ta. Louisa May Alcott ta sha irin wannan matsin bayan kashin farko na Little Women a 1868, 'yan mata na ta rubuto mata cewa lallai jaruma Jo ta auri Laurie, saurayin maƙwabta. Ta ƙi, da gangan ta haɗa Jo da wani farfesa Bajamushe da ya girme ta, kuma har yau ana jayayya a kai. Arthur Conan Doyle ya jefa Sherlock Holmes a kwazazzabon ruwa a 1893, matsin jama'a da tayin kuɗi suka sa ya dawo da shi da rai a 1903. A 2013 ɗin ma Fielding ba ita kaɗai ta sha ba. A watan Mayu, Charlaine Harris ta rufe jerin littattafanta 13 na Sookie Stackhouse da haɗa jarumar da wanda yawancin masoya ba su zaɓa ba, abin ya kai har ana aika mata barazana. Bambancin zamanin Richardson da na yanzu shi ne wasiƙa tana ɗaukar kwanaki a hanya, mai fushi kan huce kafin ya sami tambarin gidan waya.

Wani abin lura shi ne mafi yawan hayaniyar an yi ta ne kwana 11 kafin littafin ya fito. Hukunci aka yanke wa labari, ba wa rubutu ba. Da aka karanta, sai ra'ayoyi suka rabu ta wata fuskar dabam. A jaridar New York Times kaɗai, Janet Maslin ta yi masa kaca-kaca, Sarah Lyall kuwa ta yaba da kaifinsa, ta ce yana taɓa zuciya. Masu suka da yawa ba mutuwar ce ta dame su ba. Abin da ya gundure su shi ne mace mai shekara 51, wadda ta binne miji ta kuma rasa uba, har yanzu tana ƙirga mintocin da saurayi ya yi bai amsa saƙo ba, tana kuma musayar barkwancin tusa da shi. Wasu suka ƙara da cewa mijin ya bar mata dukiya, tana da mai reno, ba ta san zafin kuɗin haya ba, don haka wahalar tata ta masu hali ce. Wannan sukar tana da ƙamshin gaskiya.

Amma zancen cewa baƙin ciki da wauta ba sa zama a zuciya ɗaya, wannan kam ba haka ba ne, kuma a nan littafin ya fi masu sukarsa sanin mutane. Matan da suka rasa mazajensu, da waɗanda suka haura 50 suka ga duniya ta daina kallonsu, suna cikin waɗanda suka fi kare shi. Shafukan da suka fi ƙarfi su ne inda raha ke tafiya sai ta yi tuntuɓe: bikin makaranta da ake tsammanin uba ya halarta, tambayar da yaro zai jefo ana shirin barci, daren da aka kwantar da yara gidan ya yi tsit. Bahaushe ba zai ga abin mamaki a nan ba. A gidan da tsoho ya rasu, 'ya'ya na kuka a ɗaki, jikoki na tsakar gida suna tsokana da wasan da ke tsakaninsu da kakansu, ba wanda ya ce sun raina mutuwa. Rashi ba ya mayar da mai shirme mai hikima dare ɗaya. Yakan bar shi da shirmensa, ya ɗora masa kaya a kai.

Akwai wani lungu na labarin da kusan ba wanda ya tsaya a kansa a lokacin hayaniyar, wato inda aka kashe mutumin. A cikin littafin, Darcy ya mutu a 2008 a yankin Darfur na Sudan, lokacin da motar da yake ciki ta taka nakiya, yana kan aikin ceto wasu ma'aikatan agaji da aka yi garkuwa da su. Darfur ba ƙagaggen wuri ba ne. Ta nan alhazan ƙasar Hausa suka riƙa ratsawa da ƙafa zuwa Makka, ta Junaina da Fashir, wasu suka zauna, zuriyarsu na Sudan har gobe. Yaƙi ya ɓarke a can a 2003, kuma a 2008 ɗin nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutanen da suka mutu sanadinsa za su kai 300,000. A littafin, duk wannan bai wuce 'yan layuka ba. An buƙaci wuri mai nisa da haɗari inda Bature nagari zai mutu mutuwar girma, sai aka miƙa hannu aka ɗauko Darfur. A yi wa Fielding adalci: ta san yankin fiye da yawancin marubutan Landan, don ta yi aikin talabijin a Sudan da Habasha a shekarun 1980, kuma littafinta na farko, Cause Celeb na 1994, a sansanin 'yan gudun hijira na Afirka ya gudana, yana yi wa taurarin da ke tallar kansu da yunwar wasu ba'a. Duk da haka, mai karatu daga wannan nahiya yana da damar ɗaga gira ganin an yi makokin mutum ɗaya na takarda fiye da yadda aka ambaci dubban da suka mutu da gaske a ƙasar da aka aro.

Babban raunin littafin kuwa yana can ƙarshensa, inda masu fushin ba su duba ba. Bayan Roxster ya kama gabansa, sai ga Mista Wallaker, malami a makarantar Billy, tsohon soja, mai ɗaure fuska, wanda ya riƙa kama Bridget a cikin abin kunya, har da ranar da ta maƙale a kan bishiya tare da yaranta. Ta ɗauke shi mai girman kai. Daga baya ta gane mutumin kirki ne da bai iya tallar kansa ba. Wanda ya karanta littafin 1996 ya san wannan hanya da ido rufe. Fielding ta yi ƙarfin halin kashe Darcy, amma ba ta yi ƙarfin halin barin kujerarsa ba kowa. Ta tashe shi da wani suna da wata sana'a. Ashe alkawarin da aka ce ta karya ma ta cika shi har da ƙari: an ƙare da namiji mai tsare gida da mace da ta samu mafaka. Da ta bar bazawarar nan ta tsaya da ƙafarta, ita da 'ya'yanta da ƙawayenta, ko da na shafi goma na ƙarshe ne, da littafin ya zama abin da ya yi niyyar zama. Masu cewa an yi musu rowar daɗi sun samu daɗin. Waɗanda aka yi wa rowa su ne masu son ganin sabon abu.

In aka bi tarihin Bridget da kyau, za a ga mutuwa da haihuwa a duniyarta ba su cika zama daram ba. A 2005 Fielding ta farfaɗo da shafin a The Independent, inda Bridget ta haifi ɗa namiji da Daniel Cleaver. Littafin 2013 ya yi kamar ba a taɓa yin haka ba, ya mai da Daniel aminin gida mai zuwa taya renon 'ya'yan Mark. A fim na uku, na 2016, Hugh Grant, mai fitowa a matsayin Daniel, bai fito ba, sai aka buɗe da taron addu'ar Daniel bisa zaton ya mutu a haɗarin jirgin sama, a ƙarshe wata jarida ta nuna an same shi da rai. Masoya da yawa sun sa rai za a yi wa Darcy irin wannan gata. Ba a yi ba.

A watan Fabrairun 2025 aka saki fim ɗin Mad About the Boy. Renée Zellweger ta koma matsayinta na Bridget, Leo Woodall ya fito a Roxster, Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya fito a malamin makarantar. Mutuwar tana nan yadda take, a Sudan. Firth ya bayyana a 'yan wurare kaɗan, a matsayin mijin da matarsa da 'ya'yansa ke gani a zuci. Wannan karon ba a yi bore ba. Jama'a sun cika gidajen kallo a Birtaniya, masu sharhi da dama suka sa shi cikin mafi kyawun fina-finan huɗu. Labarin bai canja ba, masu kallon ne suka canja. Wadda ta karanta shafin farko tana da shekara 30 a 1995 ta kai 60 a lokacin, kuma da wuya a ce ba ta raka wani nata maƙabarta ba. Ita ma Fielding, mahaifin 'ya'yanta biyu, Kevin Curran, ɗaya daga marubutan shirin The Simpsons, ya rasu a 2016, shekara uku bayan ta rubuta labarin yara marasa uba.

A wannan shekarar ta 2016 ta fitar da littafi na huɗu, Bridget Jones's Baby, wanda ya ci kyautar Wodehouse ta rubutun barkwanci a 2017. Ba ta janye mutuwar ba. Baya ta koma, zuwa lokacin cikin fari, Mark yana raye, ana ta ruɗanin ko shi ne uban ko Daniel. Saboda haka jerin yana da littafin ƙarshe guda biyu, ɗaya a tsarin fitowa, ɗaya a tsarin labari. Mai son ya rufe shafi Darcy na numfashi, ya bi shekarun ɗab'i: 1996, 1999, 2013, 2016. Mai son bin rayuwar Bridget yadda ta gudana, ya sa na 2016 a matsayi na uku, ya ajiye na 2013 a ƙarshe.